Yadda ake gane denariyus na gaske kafin a biya kuɗi

Denariyus shi ne sulen azurfar Rumawa, an fara buga shi wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɗan ƙarami ne, faɗinsa milimita 17 zuwa 20.

Sikeli ne farkon aiki, irin na masu sayar da gwal a kasuwar Katsina, mai nuna har giram 0.01. Na zamanin Sarki Agustus yana kai giram 3.9, kusan zallar azurfa. A shekara ta 64 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Nero ya rage shi zuwa wajen giram 3.4. Zamanin Sarki Septimiyus Seberus, shekara ta 193 zuwa 211, kusan rabinsa jan ƙarfe ne. Don haka sai ka san sarkin da hotonsa ke jiki kafin nauyin ya yi maka amfani. Lalacewa kan ci kaɗan daga nauyin, amma idan ya gaza da yawa, a yi hattara: tun a wancan zamanin akwai masu lulluɓe jan ƙarfe da fatar azurfa. Duba inda ya kwarzane, za ka ga ja ko kore yana leƙowa.

Sai gefensa. Rumawa bugawa suke yi da guduma tsakanin hatimi biyu, shi ya sa na gaske ba ya cika da'ira, hoton kan karkace, gefen kan tsattsage. Jabun yau galibi zubi ne. Sa gilashi mai ƙara girma sau 10: layin haɗi a gefe, ƙananan ramuka na kumfa, haruffa masu laushi kamar sun narke, duk alamun zubi ne. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama jan ƙarfe ma, don haka gwajinsa bai wadatar ba.

Kada ka bari maƙeri ya goga masa zarto ko ya ɗiga masa asid. Tsohuwar azurfa kan yi gautsi ta ciki, tana iya karyewa. Baƙin da ke jikinta kuma yana cikin darajarta, kada a dirje shi da toka ko lemun tsami.

Mai farawa ya nemi na Seberus ko ɗansa Karakalla, suna da yawa, kuɗinsu da sauƙi. Ka nemi takardar da ke nuna hannun da sulen ya biyo. Wanda ya ce maka a gonarsa ya tono a Daura, ka bar masa kayansa.

Ajiya kuwa a ambulan takarda marar asid, kowanne shi kaɗai, nesa da laimar damina. Ledar PVC tana barin kore mai danƙo a jikinsa.