Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran tsofaffin ƙofofin ƙarfe masu ado

Ƙofofin da Jean Tijou ya ƙera a fadar Hampton Court ta Ingila bayan 1689, da waɗanda Jean Lamour ya yi a dandalin Stanislas na birnin Nancy a Faransa wajen 1755, ba da irin ƙarfen kasuwar yau aka yi su ba. Ƙarfe ne irin na zamanin da, mai zare-zare a cikinsa kamar itace, saboda ragowar kashin maƙera (dattin da ke fita idan an narka tama) wanda dukan masaba ya miƙar da shi. Rashin sanin wannan ne tushen yawancin ɓarnar.

Babban kuskure shi ne walda ta lantarki. Zafinta na narkar da kashin da ke cikin ƙarfen, sai haɗin ya fito da ramuka, kuma ƙarfen waldar ya riga tsohon yin tsatsa. Masu aikin asali a wuta suke haɗawa: a zuga har ƙarfen ya yi fari yana tartsatsi, a ɗora bisa uwar maƙera a doka su zama ɗaya. Wani wurin ƙusa ce ake dakewa, wani wurin zobe ake naɗawa da zafinsa ya matse idan ya huce. Yadda aka tarar da haɗi, haka za a mayar da shi. A kuma kula, irin wannan ƙarfe ba ya son duka idan ya koma ja. Nan take yake tsagewa ta bin zarensa. A mayar da shi wuta.

Sai gindin ƙofa, inda aka kafa ƙarfen a rami cikin dutse. Tsatsa na kumbura ta ninka kaurin ƙarfen da ta ci sau da yawa, har ta fasa dutse. Mai gaggawa sai ya cusa siminti, siminti kuwa riƙe damshi yake yi. A kankare ramin, a bar shi ya bushe ƙayau, a zuba narkakkiyar dalma a daddanne ta. Ɗigon ruwa ɗaya a ramin ya isa ya watso wa mutum dalma a fuska.

Feshin yashi mai ƙarfi ma ɓarna ne. Ganyayyakin ado sirara ne, yashi na iya huda su, kuma yana tafiya da tsohon fenti gaba ɗaya. Kafin a taɓa komai a yanki ɗan ɓawon fentin a duba launukan ƙasa, domin baƙin da aka saba gani daga baya ya zo. Da yawa shuɗi-shuɗi ne, ko kore, ko da ruwan zinariya. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, guba ce, kada a goge shi a bushe ba abin rufe hanci.

Wajen kwancewa, kowane yanki a ɗauki hotonsa a ɗaura masa lamba. Aikin hannu ne, lanƙwasar hagu ba ta shiga gurbin ta dama.