Yadda za ka zaɓi tanti, ka kafa shi, kuma ya daɗe maka

Duk mai shirin sayen tantin kwana a waje, ko na yawon shan iska ne ko na aiki a daji, abu ɗaya ya kamata ya sa a ransa tun kafin ya zaro kuɗi, wato ruwa. Akwai na sama, akwai na ƙasa, akwai wanda ke fita daga bakinka kana barci, sannan ga wanda za ka naɗe a cikin jaka ka manta da shi, kuma wannan na ƙarshen ya fi kashe tantuna.

Fara da girma. In ka ga an rubuta na mutum 2 a jikin jaka to wallahi mutum biyu ne kafaɗa da kafaɗa, kowa ya samu faɗin kamar santimita 50 zuwa 60, ba wurin jaka ba wurin takalmi. Don haka ƙara mutum ɗaya a lissafinka, in ku biyu ne ɗauki na mutum 3. Sai fa in goya shi za ka yi ka taka da ƙafa, nan kam kowane kilo sai kafaɗarka ta ba da labari, gara ka haƙura da matsin.

Sai ka duba ko mai riga biyu ne. Tanti na kirki yana da ɗakin ciki wanda yawancinsa raga ce irin ta gidan sauro, sai rigar sama mai tare ruwa, da ɗan fili a tsakaninsu. Mai riga ɗaya ya fi arha ya fi sauƙin ɗauka, amma in dai ba na musamman ba ne, da asuba za ka ji bangonsa jagab. Ni dai ba na ba sabon shiga shawarar mai riga ɗaya, haka ma irin wanda ake jefawa ya buɗe da kansa, yana da daɗin kafawa amma iska kaɗan ta isa ta kwantar da shi, kuma wajen naɗewa sai ka yi gumi.

Akwai wata lamba da ake rubutawa da mm, wato milimita, mutane da yawa ba sa ko kallonta alhali ita ce ke gaya maka ƙarfin yadin wajen tare ruwa. Ma'anarta tsawon ruwan da za a tara a bututu a kan yadin kafin ya fara tsatsa. Rigar sama kar ta gaza milimita 1,500, in wurin da za ka je ana tafka ruwa da iska nemi 3,000. Shimfiɗar ƙasan tantin kuwa ta fi buƙatar babbar lamba, 3,000 zuwa sama, saboda in ka durƙusa gwiwarka na matse ruwan ƙasa ya huda yadin. Amma fa lamba ba ta da amfani in ɗinkin a buɗe yake, don haka juya rigar ka duba ciki, ya kamata ka ga an liƙe kowane layin ɗinki da siririn tef, don ta ramin allura ruwa ke fara shigowa.

Yadi kuma, foliyesta ya fi jure rana kuma ba ya saki sosai in ya jiƙe, nailan ya fi rashin nauyi amma yana saki in ya sha ruwa sai ka fito ka sake ɗame igiyoyi. Na auduga mai kauri ya fi sanyi da rana, yana numfashi, sai dai nauyi, kuma sabo sai an jiƙa shi ya bushe tukunna zaren ya kumbura ya toshe ramukan ɗinki. Sanduna kuwa na faiba sun fi arha amma in suka karye tsagewa suke su yi tsini, na alminiyam lanƙwasa suke yi kafin su karye, in da hali su za ka ɗauka.

Dan Allah in ka sayo, kafa shi a gida sau ɗaya da rana tsaka. Ba a cikin duhu da tocila a baki za ka gano cewa turke biyu babu ba.

To yanzu ka isa wurin. Zaɓen fili ya fi komai, tanti mai tsada a mugun wuri bai kai mai arha a wuri mai kyau ba. Nemi ɗan tudu mai shimfiɗa, ka guji kwari da duk inda ka ga alamar ruwa ya taɓa kwanciya, kuma kar ka kuskura ka kafa a cikin busasshiyar korama komai laushin yashinta, don ana iya yin ruwa can nesa kai ba ka ga ko gajimare ba sai ambaliya ta same ka cikin dare. Ɗaga kai ka duba sama, in akwai busasshen reshe matsa. Duba ƙasa ma, gidan tururuwa, ramuka, ƙaya, duwatsu masu kaifi, share su duka. In filin na da ɗan gangare kanka ya kasance ta sama.

Shimfiɗa tamfol ko leda mai kauri a ƙasa, amma ga inda ake yawan tafka kuskure, kar ta leƙo waje. Ya kamata ta fi gindin tantin ƙanƙanta da 'yan santimita, in ta yi girma naɗe bakin ciki, in ba haka ba duk ruwan da ya gangaro daga rigar sama ita za ta tare ta kai maka shi ƙarƙashin katifa. Juya bayan tantin ko ɓangaren da ya fi ƙanƙanta ya kalli inda iska ke fitowa, ƙofa ta ba iska baya. In ana iska fara kafe kusurwoyin ɓangaren iskar kafin ka ɗaga komai. Haɗa sanduna a hankali ka tabbatar kowace gaɓa ta shige har ƙarshe, in ta tsaya rabi nan take tsagewa, kuma wajen zura su a hannun riga, wato doguwar kafar yadi da aka ɗinka musu a jikin tantin, tura su ake yi, in ka ja sai gaɓoɓin su rabu a ciki ka tsaya kana lalube.

Rufe zif ɗin ƙofa kafin ka buga turaku, in ka ɗame shi a buɗe ba zai rufu ba sai da ƙarfi. Turke a karkace ake buga shi kamar digiri 45, kansa na kallon nesa da tantin. In yashi ne turke ba ya kamawa, ɗaura igiyar a tsakiyar guntun icce ka binne shi a kwance ka taka. Kuma igiyoyin gefe ɗin nan da mutane ke bari a naɗe kamar ado, ɗaure su duka ko da sama garau take, su ne ke hana rigar sama taɓa ɗakin ciki, inda suka taɓa juna kuwa nan ɗiga ke farawa.

In ka tashi da safe ka ga cikin rigar sama a jiƙe alhali ba a yi ruwa ba, kar ka ce yoyo yake. Numfashinku ne da gumi suka haɗu da yadi mai sanyi suka zama raɓa. Maganinsa iska, buɗe 'yan tagogin sama ko ana sanyi, jiƙaƙƙun kaya kuma a bar su a rumfar ƙofa. Wuta kuwa ko kusa, ba risho ba gawayi ba kyandir a ciki. Ban da cewa yadin na narkewa nan take, garwashi na fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci za ta kashe shi, kuma ko garwashin da ka ga kamar ya mutu yana ci gaba da fitar da ita.

Ranar tafiya kakkaɓe ƙasa da yashi, sanduna kuma fara naɗe su daga tsakiya don robar da ke haɗa gaɓoɓinsu ta ciki ta miƙe daidai. In dole ta sa ka naɗe shi a jiƙe ba laifi, amma kana isa gida ka baje shi a inuwa mai iska har sai ɗinki da kusurwoyi sun bushe ƙarau, don kwana ɗaya ko biyu sun isa fumfuna ta fara, baƙin tabonta kuma ba ya fita. Danshin nan ne kuma ke sa shafen roban da ke cikin yadin ya fara danƙo yana wari yana ɓarewa. Kar ka sa shi a injin wanki, kar ka sa masa omo ko bilic, suna cinye maganin da ke sa ruwa ya zame, ruwan sanyi da soso mai laushi sun isa. Rana ma na cin yadi a hankali, in za ka daɗe a wuri ɗaya nemi inda inuwa ke faɗowa.

Zif in ya fara gardama yawanci yashi ne, goge haƙoran da tsohon buroshi, in kuma yana buɗewa a baya bayan ka ja, kan zif ɗin ne ya saki, ɗan matse shi da filaya kaɗan kaɗan kana gwadawa. Wajen ajiya kar ka bar shi a matse cikin jakarsa wata da watanni, sa shi sako sako a babban buhun yadi, wuri mai sanyi marar danshi inda ɓera ba ya kaiwa, ka jefa turaku biyu na ƙari da tef ɗin faci da guntun bututun ɗaure karyayyar sanda a cikin jakar turakun tun yanzu.