Kafin ka sayi Canon AE-1 a Garwa

In ka ci karo da tsohuwar Canon AE-1 a hannun 'yan gwanjo, kada ka yi saurin zaro kuɗi. Kyamarar 1976 ce, mai cin fim na milimita 35, kuma tana da sauƙin kai ga ɗan koyo: kai ka zaɓi saurin ɗauka, ita ta daidaita hasken da kanta.

Amma fa ba ta motsi sai da batir, 4LR44 mai bolt 6. Tafi da naka, ka saka, ka danna. In ka ji tana ƙugi kamar kaza mai mura, man cikinta ya bushe, sai a rage maka kuɗi. Buɗe bayanta ka taɓa soson da ke tare haske. Tsufa da zafinmu kan mai da shi danƙo, haske ya kutsa ya ɓata hoto.

Ni fim mai ISO 100 nake sa mata, wato mai buƙatar haske da yawa, ranar Garwa ta ishe shi, ga shi saurinta bai wuce 1/1000 na daƙiƙa ba balle ta rage hasken sosai. Da hunturu kada ka cire gilashin gabanta a waje, ƙura ba ta da kunya. Kuma ka nemo mai wankewa tun kafin ka cika hotuna 36 ɗin da fim ke ɗauka.