Yadda Mutum Zai Kula da Kansa Bayan Ya Ba da Gudummawar Jini

Da yawa daga cikin masu ba da jini a asibitocinmu ba su shirya wa hakan ba. Kiransu ake yi a ce matar ƙani ta zubar da jini wajen haihuwa, ko yaro mai sikila yana buƙatar ƙari, ko wani ɗan'uwa ya yi haɗari a hanya, sai su taso a gurguje, wani ko karin kumallo bai yi ba, a ɗebi leda guda, kuma tun auduga ba ta bushe ba a miƙa musu takardar magani su fita saye. Hankalin kowa yana kan marar lafiya, shi kuwa wanda aka ɗebi jininsa babu mai tambayar halin da yake ciki. A irin wannan gaggawa ake samun jiri da faɗuwa da kumburin hannu, alhali kusan dukkansu ana iya kauce musu idan an san abin da jiki ya rasa da kuma tsawon lokacin da yake buƙata kafin ya mayar da shi.

Ledar jini guda tana ɗaukar kimanin mililita 450, wato ƙasa kaɗan da rabin lita, daga cikin kusan lita 5 da ke jikin babban mutum. Abubuwa uku ne suke fita tare a cikin wannan leda, kuma ba lokaci ɗaya suke dawowa ba. Ruwan jinin yana cikowa cikin awa 24 zuwa 48 matuƙar mutum yana shan ruwa. Jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ɓargo ke ƙerawa, suna ɗaukar mako 4 zuwa 6. Sinadarin ƙarfe (ayon) kuwa, wanda jiki ke buƙata wajen ƙera waɗannan ƙwayoyi, kuma ake rasa miligiram 200 zuwa 250 nasa a kowace leda, yana iya ɗaukar watanni. Saboda haka kulawar ranar farko ta ruwa ce da hutu, kulawar makonnin da ke biye kuma ta abinci ce.

Da zarar an zare allura, mutum ya danne wurin da auduga sosai na minti 3 zuwa 5, hannu a miƙe, ba a lanƙwashe ba. Al'adar naɗe hannu a kan auduga ta zama ruwan dare, amma dannewa da yatsu ta fi tsayar da jini, kuma ta fi hana shi taruwa a ƙarƙashin fata. Kada a tashi tsaye kai tsaye daga kwance. A fara zama a bakin gado, a sauke ƙafafu ƙasa, a jira minti ɗaya ko biyu, sannan a miƙe. Bayan haka a zauna a kusa da ma'aikata na aƙalla minti 15, a sha ruwa ko lemo, a ci ɗan abin da ya samu, ko da biskit ne ko dabino. Waɗannan mintuna ba ɓata lokaci ba ne, domin yawancin masu suma a cikinsu suke suma, kuma ya fi kyau hakan ta faru a kan kujera gaban ma'aikacin jinya da ta faru a kan matakala ko a tsakiyar titi. Idan akwai saƙon da ba zai jira ba, kamar sayen magani, a tura wani.

Jiri shi ne abin da aka fi kokawa da shi, kuma yana da kyau a fahimci asalinsa, domin mutane da yawa suna ɗauka jininsu ne ya ƙare. Ba haka ba ne. Abin da ke faruwa shi ne jijiyoyin jini suna saki, bugun zuciya yana raguwa, sai ƙarfin tafiyar jini ya sauka na ɗan lokaci, jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya yi ƙaranci. Tsoron allura, ganin jini, yunwa, rashin barci, zafin rana da tashin hankali duk suna taimaka wa wannan. Ya fi samun matasa, da masu ƙaramin jiki, da waɗanda karo na farko ke nan da suka bayar. Yakan yi sallama kafin ya iso: zufa mai sanyi, tashin zuciya, yawan hamma, duhu-duhu a ido, ƙara a kunne, ko jin zafi ya taso daga ciki. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikin waɗannan ya kwanta nan take a inda yake, ya ɗora ƙafafunsa a kan kujera ko bango yadda za su fi kansa tudu. Idan babu wurin kwanciya, ya zauna ya sunkuyar da kansa tsakanin gwiwoyinsa. Kunya ce take sa maza da yawa su daure su ci gaba da tafiya, kuma raunin da ake ji bayan ba da jini galibi daga faɗuwar yake zuwa, ba daga suman kansa ba.

Akwai dabara mai sauƙi da cibiyoyin karɓar jini ke koyarwa: mutum ya harɗe ƙafafu, ya matse tsokar cinya da ta ɗuwawu da ta ciki na daƙiƙa 5, ya saki na daƙiƙa 5, ya yi ta maimaitawa. Wannan yana tura jinin da ya taru a ƙafafu zuwa sama, kuma ana iya yin sa lokacin ɗibar jinin, da kafin a miƙe tsaye, da duk sa'ad da aka ji alamar jiri. Waɗanda ke tare da wanda ya suma kuma su kwantar da shi, su ɗaga ƙafafunsa, su sassauta masa tufafi, su ba shi iska. Kada su ɗura masa ruwa a baki, kada kuma su tayar da shi zaune, har sai ya farfaɗo sosai. Yawanci cikin minti ɗaya ko biyu yake dawowa hayyacinsa.

Sauran yinin na sauƙaƙa wa jiki ne. A ƙara kofi huɗu na ruwa a kan abin da aka saba sha, a ci gaba da haka har washegari, kuma a lokacin bazara, watannin Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, a ƙara fiye da haka. Kunu, koko, fura da miya mai ruwa duk suna cikin lissafi. A guji tsayuwa mai tsawo a rana, da wanka da ruwa mai zafi sosai, da shan taba a awannin farko, da barasa a wannan rana gaba ɗaya. Wanda ya ji jiri lokacin salla, musamman wajen ɗagowa daga ruku'u ko sujada, ya tashi a hankali, idan abin ya ci tura ya ƙarasa a zaune.

Batun aiki yana buƙatar gaskiya, domin ba kowa ne zai iya ajiye sana'arsa ba. Mai aikin ofis ko mai zaman shago zai iya komawa bayan ya huta ya ci abinci. Amma ɗan acaɓa, da direban babbar mota, da magini mai hawa sama, da mai haƙar rijiya, da ɗan dako, ya kamata su haƙura da aikin wannan yini, tunda jirin daƙiƙa biyar a irin waɗannan ayyuka ya isa ya jawo asarar rai, nasu ko na wasu. Haka ma ɗan ƙwallo da mai ɗaga ƙarfe su bari sai gobe, kuma kada su yi mamaki idan suka ga numfashinsu bai kai yadda suka saba ba na mako ɗaya ko biyu.

Filasta ta zauna aƙalla awa 4, kuma idan ta jiƙe wajen alwala a canza ta da busasshiya. Kada a ɗauki kaya mai nauyi da wannan hannu a ranar. Idan jini ya sake ɓallewa, a danne wurin, a ɗaga hannun sama da kai na minti 5 zuwa 10. Wani lokaci jini yakan taru a ƙarƙashin fata, wurin ya yi duhu, ya ɗan kumbura, har ya bazu zuwa ƙasan hannu yadda zai tsorata mai shi. Wannan yakan baje da kansa cikin mako ɗaya zuwa uku. A ranar farko a naɗe ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi a ƙyalle a ɗora na minti 10 zuwa 15, a maimaita sau da yawa, bayan kwana ɗaya ko biyu kuma a koma gashi da ruwan ɗumi. Kada a murza wurin, kada a shafa masa man zafi. Idan ana buƙatar maganin ciwo a sha farasitamol, a bar asfirin da ibufurofen na kwana ɗaya ko biyu saboda suna iya ƙara zubar jinin.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne sinadarin ƙarfe, domin rashinsa ba ya kayar da mutum nan take. A hankali yake bayyana: kasala da ba ta tafiya ko an yi barci, haki bayan ɗan aiki, ciwon kai, rashin natsuwa wajen karatu, wani ma sha'awar tauna ƙanƙara ko cin ƙasa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2015 ya gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na masu ba da jinin da ba su sha ƙwayar maganin ƙara sinadarin ƙarfe ba, ajiyar ƙarfen jikinsu ba ta koma daidai ba ko bayan mako 24. Wannan ya fi shafar mata masu jinin al'ada, da matasa, da masu bayarwa a kai a kai, da waɗanda nama ba ya yawan shiga tukunyarsu.

A nan ne ya kamata a gyara wata fahimta da ta yaɗu. Haɗin lemon malti da madarar gwangwani da ake sayo wa wanda ya ba da jini yana ba shi ruwa da sukari, kuma wannan yana da amfani a awar farko, amma ƙarfen da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba, madara ma tana rage yadda hanji ke tsotsar ƙarfe. Haka jan launin zoɓo ba shi ne ke zama jini ba. Kuɗin da za a kashe a kan waɗannan kullum ya fi amfani idan aka sayi hanta, ko jan nama, ko kifi, domin ƙarfen da ke cikinsu shi jiki ya fi karɓa cikin sauƙi. Wake, gero, waken suya, riɗi, alayyafo da zogale su ma suna da shi, sai dai jiki ba ya tsotsarsa sosai sai an haɗa su da abin da ke da bitamin C, kamar lemon zaƙi, lemon tsami, gwaiba, tumatir ko tattasai. Ɗan nama kaɗan a cikin miyar ganye yana ƙara yawan ƙarfen da ake samu daga ganyen kansa. Shayi da kofi kuwa suna hana tsotsar ƙarfe, don haka a raba su da abinci da aƙalla awa ɗaya, abin da ke da wuya ga masu shan shayi bayan kowane cin abinci, amma ya cancanci a daure na 'yan makonni.

Wanda ke bayarwa sau biyu ko uku a shekara, ko macen da ta ji kasala ta ƙi tafiya, su nemi shawarar likita game da ƙwayar ƙarfe. Tana sa bayan gida ya yi baƙi, tana iya kawo taurin ciki, kuma dole a ɓoye ta daga yara domin yawanta guba ne a gare su. Kada a sha ta wata da watanni ba tare da gwaji ba.

A watan azumi, idan ba larura ta gaggawa ba, a ba da jini bayan buɗa baki, lokacin da aka ci aka sha, sannan a yawaita ruwa har zuwa sahur.

Akwai alamomin da ba a zama da su a gida. A koma asibiti idan jini ya ƙi tsayawa bayan minti 10 na dannewa, ko kumburin yana ƙaruwa da sauri yana bugawa, ko yatsu suka yi sanyi ko suka mutu, ko ana jin zafi kamar jan lantarki yana sauka zuwa tafin hannu, ko wurin allurar ya yi ja da zafi yana fitar da mugunya. Haka nan idan mutum ya faɗi ya bugu a kai, ko ya suma fiye da sau ɗaya, ko jiri ya wuce kwana guda, ko ya ji ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi. Sannan duk wanda zazzaɓi ko gudawa ko shawara ta kama cikin mako biyu bayan bayarwa, ya sanar da inda aka ɗebi jininsa, saboda mai yiwuwa cutar tana cikin ledar tun kafin ta bayyana a jikinsa, kuma wanda za a ƙara wa jinin ba shi da ƙarfin jure ta.

Ba da jini ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya hana haihuwa, kuma ba a ɗaukar cuta ta hanyarsa tunda sabuwar allura ake buɗe wa kowane mutum. Abin da ke cutarwa shi ne maimaitawa kafin lokaci. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce namiji ya bar aƙalla mako 12 tsakanin bayarwa da bayarwa, mace kuma mako 16, kuma nauyin mai ba da cikakkiyar leda kada ya gaza kilo 50. Idan an sake kiran mutum kafin wa'adin ya cika, ko don wane ne, ya faɗi ranar da ya bayar a baya, ya taimaka a nemo wani, domin gwajin da ake yi kafin ɗiba yana auna yawan jini ne kawai, ba ya nuna ko ajiyar ƙarfen jiki ta ƙare.