Yadda Ake Zama Malamin Jami'a a Fannin Auna Ilimi a Saudiyya

Duk gidan Bahaushe a Makka, Jidda ko Madina da ke da yaro a sakandare ya san jarrabawar Ƙudurat da ta Tahsili, domin sakamakonsu, idan aka haɗa da makin sakandare, shi ke yanke hukuncin kwalejin da yaron zai shiga. Cibiyar Ƙiyas, wadda aka kafa a shekarar 1421 ta Hijira kuma daga baya ta koma ƙarƙashin Hukumar Kimanta Ilimi da Horarwa, ita ce ke shirya su. Masu tsara tambayoyin da masu tabbatar da adalcin makin sun fito ne daga fannin da jami'o'in ƙasar ke kira ƙiyas wa taƙwim, wato aunawa da kimanta ilimi, kuma ga mai son ya koyar da shi ya yi bincike a kansa, hanyar tana da matakai sanannu.

Digirin farko ba lallai ne ya kasance a wannan fanni ba. Yawancin masu shigarsa suna zuwa ne daga ilimin halayyar ɗan Adam, ko koyar da lissafi, ko ƙididdiga, kuma a jami'o'i irin su Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad da Ummul Ƙura da ke Makka, kwalejin tarbiyya ce gidan wannan karatu. Abin lura tun daga shekarar farko shi ne maki, domin ƙa'idar ɗaukar mu'id, wato matakin farko na aikin koyarwa a jami'a, ta tanadi cewa sakamakon mai nema kada ya gaza jayyid jiddan, wato darajar "mai kyau ƙwarai".

Kafin ɗalibi ya nemi gurbin majistir, wato digiri na biyu, ya kamata ya gwada kansa da aikin da zai yi tsawon rayuwarsa. Idan yana koyarwa a makaranta, ya ɗauki takardun jarrabawar aji guda, ya shigar da amsar kowane yaro ga kowace tambaya a kwamfuta, sannan ya lissafa abu biyu. Na farko shi ne wahalar tambaya: idan yara 40 suka zauna, 36 suka ci tambaya ta uku, to mizaninta 0.90 ne, wato 36 a raba da 40, kuma tambaya mai sauƙi haka ba ta gaya wa malami komai game da bambancin ɗalibansa. Na biyu shi ne ikon tambaya na rarrabewa. A jera yaran bisa jimillar makinsu, a ware kashi 27 cikin ɗari na sama da kashi 27 na ƙasa, a duba yadda kowane rukuni ya amsa. Idan aka tarar cewa masu rauni sun fi hazikai cin wata tambaya, to laifin na tambayar ne, wataƙila kalmominta masu harshen damo ne, ko kuma an yi kuskure a amsar da aka ɗauka daidai. Wanda ya ji daɗin wannan bin diddigi ya samu fanninsa. Wanda kuma ya gaji tun a tambaya ta goma, gara ya nufi tsara manhajar karatu ko gudanar da makarantu, waɗanda su ma fannoni ne masu daraja.

A majistir za a gina masa ginshiƙai biyu. Ɗaya shi ne tabbatuwar sakamako, wato ko jarrabawa za ta ba da maki makusanci idan aka maimaita ta, kuma a nan zai haɗu da ma'aunin alfa da Lee Cronbach ya fitar a 1951, wanda ɗalibai da yawa ke jefawa cikin risalarsu ba tare da sanin iyakarsa ba. Ɗayan shi ne inganci, wato ko makin yana nuna abin da ake iƙirarin yana nunawa. Daga nan sai nazariyyar amsa tambaya ɗaya-ɗaya, wadda masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Georg Rasch, ya aza wa ɗaya daga cikin tubalanta a 1960, kuma a kanta manyan jarrabawoyin zamani suka dogara wajen daidaita nau'o'in takarda daban-daban a kan sikeli guda. A cikin shirye-shiryen kwamfuta na ƙididdiga, SPSS ya isa a fara da shi, amma a ganina wanda bai koyi R ba zai daɗe yana roƙon wasu su yi masa lissafi, ga shi kuma kyauta ake sauke shi.

Wajen zaɓen batun bincike ne ɗan gidan Hausawa yake da abin da abokan karatunsa ba su da shi. Akwai reshe da ke bincika ko wata tambaya tana yi wa rukuni ɗaya wahala fiye da wani alhali iyawarsu ɗaya ce, kuma hanyar Mantel da Haenszel na cikin sanannun hanyoyin gano hakan. Yaron da ke jin Hausa a gida, Larabcin Hijaz a unguwa, fusha, wato Larabcin littafi, kuma a aji, zai iya faɗuwa tambayar lissafi saboda tsawon jimlarta, ba don bai iya lissafin ba. Mai binciken da ya tashi cikin harsuna uku yana hango irin wannan matsala tun kafin alƙaluma su nuna ta. Samun bayanai ma ba shi da wuya kamar da, domin Saudiyya tana shiga gwajin TIMSS tun 2003, ta shiga PISA a 2018, waɗanda gwaje-gwaje ne na ƙasa da ƙasa da ke kwatanta ƙwazon ɗalibai, kuma bayanan duka biyun a buɗe suke a intanet, har da tambayar da ake yi wa ɗalibi game da harshen da yake magana da shi a gida. Idan kuwa a makarantu za a tattara bayanai, sai an nemi izinin hukumar ilimi ta yankin da na kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, kuma a fara nema da wuri.

Da digirin majistir ake zama muhadir, wato lakcara, da na dakta kuma ustaz musa'id, wato mataimakin farfesa. Jami'o'i kan tura ma'aikatansu 'yan ƙasa karatu a ciki ko a waje, sau da yawa Amurka ko Birtaniya, saboda haka Turanci wajibi ne, musamman da yake manyan mujallun fannin da shi ake buga su. Ƙarin girma zuwa ustaz musharik, matakin da ke ƙasa da farfesa, yana bukatar aƙalla shekara 4 a matakin da ake ciki, da kuma bincike 4 da aka wallafa ko aka amince a wallafa, na farfesa kuma bincike 6, kuma dole wani kaso ya zama aikin mutum shi kaɗai. Hikima ita ce a tsara risalar dakta yadda za a iya fitar da maƙala biyu ko uku daga cikinta.

Koyarwar kanta tana da nata sirri. Yawancin ɗaliban da za a ba shi malaman gobe ne masu tsoron alƙaluma, kuma sun fi fahimta idan aka sa su rubuta tambayoyi, suka gwada su a kan juna, suka ga da idonsu wadda ta lalace, kafin a kawo musu ƙa'ida.

Duk abin da aka faɗa game da mu'id da tura karatu ya shafi mai takardar zama ɗan ƙasa ne. Mai iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙo, ko da a Makka aka haife shi, hanyarsa ita ce ya nemi minha, wato gurbin karatu da jami'o'in gwamnati ke ware wa waɗanda ba 'yan ƙasa ba, ya kammala dakta, sannan ya nemi aiki na kwantiragi da ake sabuntawa, a jami'ar gwamnati ko mai zaman kanta. Ya kuma adana takardunsa da hatimin da ya dace a kan kowace, domin idan wata rana ya nemi aiki a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, za a bukaci fassararsu da tantance su kafin a duba buƙatarsa.