Idan ƙoda ta kumbura ba suga ba hawan jini, ga abin da za ku sa a duba

A nan Katsina da an ce wa mutum ƙodarsa ta kumbura sai kowa ya ce ai hawan jini ne ko suga, kuma gaskiya ne su suka fi yawa, amma akwai wani nau'in da ake yawan makara kafin a gano shi saboda tushensa ba a ƙodar yake ba, a ɓargo yake.

Cikin ɓargon ƙashi akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da aikinsu shine su samar da furotin ɗin da ke yaƙar cuta. To wani lokaci sai guda ɗaya daga cikinsu ta fara hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, duk iri ɗaya, suna ta zubo furotin mara amfani cikin jini. Gutsattsarinsa ne ke bi ta ƙoda, wasu su toshe 'yan hanyoyin da fitsari ke bi kamar yadda tsaki ke toshe kyallen tatar koko, wasu kuma su manne a matatar ƙodar har ta kumbura. In ƙwayoyin sun yi yawa sosai shine sankarar ɓargo da likitoci ke ce wa mayeloma, kuma ta fi kama baƙar fata, kusan ninki biyu na turawa. In kuma basu kai haka ba amma suna cin ƙoda, tun 2012 aka ba abin suna nashi, MGRS, don a daina cewa ai kaɗan ne a zuba ido.

Abu na farko, ku lura da wanda abin ya kama. Yawanci dattijo ne ko dattijuwa, daga shekara 50 zuwa sama. Fitsari yana kumfa, ba irin wadda ke washewa nan take ba, wadda za ka dawo bayi bayan ɗan lokaci ka tarar tana nan. Ƙafa ta kumbura, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa. Ga ciwon baya ko ƙugu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga kasala, an yi ƙarin jini bayan 'yan makonni kuma jinin ya sake yin ƙasa. In waɗannan suka haɗu a jikin Baba ko Inna dan Allah kar a tsaya a kemis, a wuce asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, mutumin da ke Daura kuma ya fara daga asibitin garin ya karɓi takardar turawa.

Sai gwaji, kuma nan ne ake yin asara. Gwajin fitsari na tsinke, wanda ake tsomawa a duba kala, wani furotin daban da ake kira albumin ya fi gani, wannan ƙaramin furotin ɗin sai ya wuce bai nuna ba, shi ya sa za ka ji an ce fitsari lafiya lau alhali ƙoda na ci gaba da lalacewa. Don haka bayan gwajin aikin ƙoda da yawan jini da kalsiyam, ka tambayi likita cikin ladabi, ranka ya daɗe ko za a duba elektiroforesis na jini da furotin ɗin Bence Jones a fitsari? Elektiroforesis gwaji ne da ke rarrabe ire-iren furotin, furotin ɗin Bence Jones kuma shine gutsattsarin nan da ke bi ta ƙoda, sunan wani likitan Ingila ne da ya yi bayaninsa tun 1847, kaga ba sabon abu bane. Akwai kuma gwajin da ke auna gutsattsarin furotin ɗin kai tsaye a jini, ya fi kaifi amma da tsada, wani lokaci ma sai an aika jinin wani gari. In sakamako ya nuna alama za a ɗebi ɓargo a ƙashin ƙugu ta baya, a wasu kuma a ɗauki ɗan tsoka daga ƙodar da allura. Mutane na tsoron wannan sosai amma ana kashe wurin, kuma ba tare da shi ba likita lalube kawai yake yi.

Kafin sakamako ya fito akwai abin da ke hannunku. A ajiye diklofenak da ibuprofen da duk haɗin ciwon jiki na leda da ake sayarwa a tasha, wallahi su ne ke ƙarasa ƙodar da ta riga ta gaji, in ciwo ya matsa farasitamol ne har likita ya rubuta wani. Allurar jentamaisin ma a ajiye ta. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe a dakata dasu, musamman masu kanwa. A riƙa shan ruwa sosai lokacin zafi, sai dai in jiki ya kumbura ko fitsari ya ragu, to nan likita ne zai faɗi iya adadin. Maganar azumi kuwa a tambaya tukuna. In za a yi hoton da ake ɗura ruwan allura a jijiya a gaya musu akwai matsalar ƙoda.

Magani likitoci biyu ne ke haɗuwa a kai, na ƙoda da na jini, domin wankin ƙoda kaɗai baya tsayar da ɓargon da ke zubo furotin ɗin. Ana amfani da irin su bortezomib da dexamethasone, kuma in an fara da wuri akwai waɗanda ƙodarsu ke farfaɗowa har a daina wankin. In an tura ku asibitin Malam Aminu Kano ko Shika ku tafi da duk takardun gwaji a fayil ɗaya, har da tsofaffin, ku kuma ɗauki hotonsu a waya.