Yadda Ake Gano Matsalar Fitilar Baya a Tsohon Babur

Tsofaffin babura irin Honda C70 na shekarun 1970 da wutar volt 6 suke aiki, saboda haka kafin ka taɓa komai ka tabbatar ba ƙwan volt 12 aka saka maka ba, domin haskensa zai fito dishi-dishi ko da komai lafiya yake.

1. Ka kwance murfin fitilar ka ciro ƙwan, ka ɗaga shi a rana. Zare biyu ne a cikinsa, ɗaya na fitilar dare, ɗaya na birki, kuma ɗaya yana iya tsinkewa ya bar ɗaya.

2. Ka duba fis ɗin da ke kusa da batir.

3. Ka auna batir da mitar gwajin wuta. A nan ya kamata a natsu sosai, domin a irin waɗannan babura batirin ne ke rage ƙarfin wutar da injin ke bayarwa. Idan ya mutu ko ruwansa ya ƙafe, da zarar an murɗa totur sai ƙwai su riƙa ƙonewa. Canza ƙwai ba a gyara batir ba asarar kuɗi ce kawai.

4. Ka bi koriyar waya, wadda a Honda ita ce ke haɗe da jikin babur, ka kankare tsatsar da ke wurin notinta har ƙarfen ya yi fari, sannan ka ɗaure tamau.

5. Idan ta birki ce kaɗai ba ta kamawa, ka daidaita ɗan makunnin da sifirin ke ja a bayan birkin ƙafa, kana takawa har ta kama.